Garin da aka ce jirgin ƙasa ne ya haife shi

Ni ne na goge rubutun. Gara in faɗi haka tun farko, kada a ɗauka labarin rigimar wasu nake bayarwa ina tsaye a gefe.

Wani dare ne bayan isha'i, ina duba jerin sababbin gyare-gyare a Wikipedia ta Hausa kamar yadda na saba kafin in kwanta, sai na ga an zuba dogon rubutu a muƙalar wani gari na ƙasar Ringim. Sunan mai gyaran sabo ne, a ranar ma ya buɗe asusu. Sakin layi biyar ya ƙara, babu manazarta ko guda, kuma ya cire jimla ɗaya tilo da ke da madogara a duk shafin. Ban yi wata-wata ba na mayar da shafin yadda yake, na rubuta a gurbin bayani: "Babu madogara." Na kashe data na kwanta.

Da safe na tarar da saƙo a shafina na tattaunawa. "Wai kai wane ne? A garin nan aka yanke mini cibiya, a nan nake koyarwa tun kafin a ƙirƙiro wannan abin naku. Kai da ba ka taɓa shan ruwan rijiyarmu ba, kai ne za ka ce ƙarya nake yi a kan garinmu?" Ya ajiye lambar wayarsa a ƙasa. Na kwafe ta, na share ta daga shafin, tunda wuri ne da kowa ke gani.

Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan ambaci garin ba. Malam nake kiransa, haka zan kira shi a nan. Shugaban makarantar firamare ne da ya kusa ritaya, kuma bai yi ƙari ba: an buɗe Wikipedia a 2001, shi kuwa ya riga ya daɗe da alli a hannu.

Abin da ya tarar da abin da ya ƙara

Layi uku ce muƙalar da ya tarar. Ta ce garin yana Jihar Kano. Ta ce an kafa shi wajen 1930 lokacin da layin dogo ya ratsa yankin. Ta ce mazaunansa Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya. Wanda ya san yadda irin waɗannan shafuka ke samuwa ba zai yi mamaki ba. Da yawansu daga Wikipedia ta Turanci aka fassaro su, ita kuma ta Turancin wani ne da bai taɓa taka garin ba ya harhaɗa ta daga jerin sunayen ƙauyuka da wani tsohon littafi. Layin dogon dai gaskiya ne: ya tashi daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, kuma gyaɗa ce ta ja shi. Batun jiha kuwa labari ne da ya tsufa. Tun 27 ga Agusta 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka fitar da Jigawa daga Kano, hedikwata a Dutse.

Malam ya gyara jihar. Ya rubuta ranar da kasuwar garin ke ci. Ya bayyana ragowar ganuwa da ke gabas da gari, da ramukan karofi da suka cike da ƙasa, da tsohuwar rijiyar bakin kuka. Ya cire zancen 1930 ɗungurungum. Sannan ya rubuta sakin layi biyu masu daɗin karatu a kan wani maharbi da ya sari daji ya kafa garin shekaru aru-aru kafin zuwan Turawa. A jimlar ƙarshe ya ce zuriyar maharbin tana nan har yau a unguwar kudu. Daga baya na gane gidansu Malam ke nan.

Duk wannan na haɗa na zubar da dannawa ɗaya, har da gyaran jihar. Wato ni da nake taƙama da kare shafin, na mayar da garin Jigawa cikin Kano da hannuna.

Hirar da muka yi a Gujungu

Na kira shi, na yi gaisuwa, na ba da haƙuri. Jin muryata ya sa ya gane sa'an ɗan cikinsa ne ya yi masa wannan aiki, abin ya ƙara ɓata masa rai na ɗan lokaci, sannan ya sauko. Muka yi alkawarin haɗuwa a kasuwar Gujungu, tunda duk muna zuwa. A rumfar wani mai shayi muka zauna.

Na fara da ƙa'idar. Wikipedia ba ta tambayar mai rubutu ko gaskiya yake faɗa. Tana tambaya ne ina mai karatu zai je ya duba da kansa. Duk abin da aka ja, ko ake jin za a ja, sai an kawo masa madogara da aka wallafa, kuma nauyin kawowar yana wuyan wanda ya rubuta. Akwai ƙa'ida ta biyu da ke hana mutum zuba binciken kansa da ba a taɓa bugawa ko'ina ba. A Wikipedia ta Turanci an daɗe ana taƙaita abin da cewa tabbatarwa ake nema, ba gaskiya ba, har sai da aka cire wannan lafazi daga gaban ƙa'idar a 2012, saboda mutane na fahimtarsa a baibai, kamar an ce ƙarya ma ta halatta in dai an buga ta. Kowane harshe yana da ikon tsara dokokinsa, amma mu na Hausa yawancin abin da muke bi daga can muka ɗauko.

Malam ya ce wannan dokar raina mutane ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sai na ja shi zuwa fagen da ya fi ni sani, don ya yi karatun zaure sosai. Na ce, "Malam, a Malikiyya alƙali yana yanke hukunci da abin da ya sani shi kaɗai?" Ya ce a'a. Ko a gabansa aka ci bashin, in aka kawo ƙara sai ya nemi shaidu. In ya so ya ba da shaida, sai dai ya je gaban wani alƙalin a matsayin shaida. Na ce, "To an ce alƙalin maƙaryaci ne?" Ya yi shiru yana juya cokali a kofi. Na ƙara masa da maganar Abdullahi ɗan Mubarak da ke gabatarwar Sahihu Muslim, cewa isnadi, wato jerin mutanen da aka ji magana daga bakinsu, ɓangare ne na addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

A nan ne ya kama ni. Ya ajiye kofin ya ce, "Madalla, ɗana. Ai isnadi baki ne da baki. Ni na ji daga Baba, Baba ya ji daga mahaifiyarsa, ita kuma da idonta ta gani. Ga isnadina nan, mutum uku, duk an san su. Naka littafin daga wa ya ji?"

Ban da amsar rabin tambayar nan ta biyu, kuma zan dawo kanta. Rabin farko kuwa na ce masa malaman hadisi ba jerin sunaye kawai suka dogara da shi ba. Suna da ilimin sanin maruwaita: wane ne wannan, ina ya zauna, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, yana da riƙo ko mai mantuwa ne. Wikipedia ba ta da wannan, ba kuma za ta iya samu ba. Ni a daren nan ban ga shugaban makaranta ba, wani suna na gani da aka ƙirƙira da yamma. Kowa na iya buɗe asusu ya ce shi limamin gari ne. A 2007 an gano wani fitaccen mai gyara a ta Turanci da ya daɗe yana cewa shi farfesa ne a ilimin addinin Kirista, yana kashe gardama da wannan muƙami, ashe saurayi ne ɗan shekara 24 da ba shi da digirin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a 2012 marubucin nan na Amurka Philip Roth ya nemi a gyara abin da aka rubuta game da asalin wani littafinsa, aka ce masa maganarsa kaɗai ba ta isa ba. Sai da ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa aka buga a mujallar New Yorker, sannan aka samu abin da za a jingina da shi. Malam ya yi dariya ya ce ashe ba shi kaɗai aka yi wa ba.

Muka tsayar da magana cewa zan je garin.

Zauren Baba da ƙofar dagaci

Na je bayan an gama girbi, a kan mashin ɗin haya daga bakin titi. Kafin mu shiga gari Malam ya tsayar da ni ya nuna mini tudun ganuwa. Ba sai an gaya wa mutum ba: doguwar ƙasa ce da ta yi baka, ga kwarin da aka haƙa a bayanta, yanzu an shuka rogo a ciki. Na san ba a gina wa gari ganuwa a 1930. Zamanin hare-hare ake yinta, kuma Turawa sun ci Kano tun 1903. Gani ya kori ji, amma ganina ni ma sanin kaina ne, ba shi da wata daraja a shafin da ta fi ta Malam.

Baba ƙanin mahaifin Malam ne, ido ya yi rauni amma kunne da ƙwaƙwalwa ras. Yana zaune kan buzu a zaure. Bayan doguwar gaisuwa Malam ya ɗaga murya ya ce, "Baba, wannan yaron ne ya ce wai jirgi ne ya kafa garin nan." Na so in ce ba ni na ce ba, amma ai ni na mayar da jimlar.

Baba ya juyo wajen da nake ya ce, "Ɗan nan, jirgi zuwa ya yi ya same mu." Ya ce mahaifiyarsa ta sha ba su labarin shekarar Kakalaba, tana yarinya ƙarama, yadda mutane suka riƙa tona gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi, da yadda gidansu suka fita ta ƙofar gabas suka yi kudu, ba su dawo ba sai da damina ta yi kyau. Bai san shekarar da lissafin Turawa ba, bai kuma damu ba. Ni na sani: yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba a ƙasar Kano ta 1913 zuwa 1914 ce. Garin da aka gudu daga cikinsa ta ƙofar ganuwa a 1914 ba zai yiwu a ce an kafa shi a 1930 ba. Lissafi ne da ɗan aji huɗu zai yi. Sai dai haɗa zancen Baba da shekarar yunwa a fitar da hukunci, shi ne ainihin abin da ƙa'ida ke kira binciken kai. In masanin tarihi ya yi shi a mujalla, ya zama madogara. In ni na yi shi a shafin, gogewa za a yi, kuma wanda ya goge bai yi laifi ba.

Da a nan muka tsaya, da na koma gida da labari mai sauƙi: dattawa na da gaskiya, doka ta danne su. Amma ba a shiga gari a fita ba a gai da mai gari ba, sai muka nufi ƙofar dagaci.

Muka zube muka yi gaisuwa. Malam ya gabatar da ni, ya ce ina cikin masu rubuta tarihin garuruwa a intanet. Dagaci ya ce madalla, ai tarihin garin nan ba ɓoyayye ba ne. Wani Arɗo ne ya sauka da shanunsa a bakin kukar nan, ya haƙa rijiya, jama'a suka taru, aka ba shi riƙon gari, kuma daga tsatsonsa ake sarauta har yau. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji ana zancen wani maharbi." Ya yi murmushi, bai ko kalli Malam ba, ya ce, "An same shi a dajin, haka ne. Amma maharbi bukka yake yi, ba gari ba."

A hanyar dawowa Malam bai ce uffan ba sai da muka kusa makaranta. Sannan ya ce kowa a garin ya san akwai ruwaya biyu. Na ce amma guda ɗaya ya rubuta. Ya ce ita ya gada.

Wannan shi ne gurbin da na fi daɗewa ina tunani a kansa. Abin da Malam ke kira "na sani" ba abu ɗaya ba ne. Ranar kasuwa da ganuwa da rijiya, idonsa ne ya gani, kuma babu mai ja. Tsufan garin ji ya yi, amma ji ne da kowane gida ke tabbatarwa, ga ƙasa ma tana ba da shaida. Maharbin kuwa ruwayar gida ce da wani gidan ke musantawa, kuma ba zancen hira ba ne kawai: duk ranar da kujerar dagaci ta zama babu kowa, aka fara kai sunaye gaban hakimi, tambayar wa ya sari gari tana da nauyi. Shi a ransa duka ukun darajarsu ɗaya, da murya ɗaya ya rubuta su. Mai karatu a Legas ko Yamai ba shi da yadda zai bambance.

Littafin

Saura tambayar da ya yi mini a Gujungu. Gaskiyar magana ban taɓa buɗe littafin da aka jingina jimlar 1930 da shi ba. Na ga 'yar lamba a ƙarshen jimla, na ga sunan littafi a ƙasa, na sallama. Wani abokina da ke karatu a Kano ya nemo shi a laburare, ya ɗauko hoton shafin ya turo mini ta WhatsApp.

Littafin bai ce an kafa garin a 1930 ba. Cewa ya yi da zuwan jirgi sai matsuguni ya tsiro a kewayen tasha, inda masu sayen gyaɗa suka kafa sikeli da kantuna. Duk wanda ya san wannan layi ya san abin da ake nufi. Tasha takan faɗa nesa kaɗan da tsohon gari, sai sabuwar unguwa ta tashi a gefenta ta ɗauki sunan garin, kamar yadda ake da Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Wanda ya rubuta ta Turanci ya karanta zancen tasha ya ɗora wa gari, mai fassara ya kwaso kamar yadda ya gani, ni kuma na tsaya gadin kuskuren da sanda.

Saboda haka ba a buƙaci muryar Baba ba wajen cire jimlar. Ƙa'idar da ta kori rubutun Malam ita ce ta kori wannan ma, domin madogarar ba ta faɗi abin da aka ce ta faɗa ba. Amma kada in yi wa kaina kwalliya: ba don Malam ya yi fushi ba, babu wanda zai je neman littafin. Sanin ɗan gari bai shiga shafin ba, shi ne dai ya nuna inda za a tona.

Yadda shafin yake yanzu

Mun zauna da Malam a ofishinsa muka sake gina muƙalar a wayata. Jihar da ƙaramar hukuma da mazaɓa mun jingina su da jerin rumfunan zaɓe na hukumar zaɓe ta ƙasa, wanda ke intanet kowa na iya dubawa. Jimlar jirgi mun sake ta yadda littafin ya faɗa, cewa unguwar tasha ce ta tashi a lokacin. Ranar kasuwa mun bar ta ba madogara, tunda ba abin da ake ja ba ne. In wani ya maƙala mata alamar "ana buƙatar hujja" sai mu nema. Ganuwa da karofi da rijiya kuwa ta wata ƙofa suka shiga. Ma'ajiyar hotuna ta Wikimedia Commons tana karɓar hoton da mutum ya ɗauka da kansa, don haka Malam ya zagaya da yamma ya ɗauko su, muka ɗora, muka sa biyu a shafin. Ba mu rubuta shekarun ganuwar ba. Mai ido ya gani.

Maharbi da Arɗo duk ba su shiga ba.

Ba na jin wannan a matsayin nasara. Ƙa'idar tana da dalili mai ƙarfi, na kuma ga dalilin da idona a ƙofar dagaci, amma nauyinta ba ɗaya ba ne a kan kowa. Ƙaramin titi a Landan yana da jaridu da taswirori da littattafan da suka ambace shi. Gari mai ganuwa a Jigawa ba shi da komai sai layi biyu a littafin baƙo da abin da ke kan tsofaffi. Abin da ya fi ba ni haushi ma, kundin tarihin sarakunan Kano da kowa ke kafa hujja da shi, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, asalinsa ruwayoyin baka ne da aka tattara aka rubuta da Larabci. Abin da ya raba shi da zancen Baba shi ne wani ya riga ya zuba shi a takarda. An taɓa gwada wata hanya: a 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani aiki a Indiya da Afirka ta Kudu, aka naɗi hirarraki da mutanen karkara kan wasanni da abincin gargajiya, aka kafa hujja da muryoyin a muƙalu na harsunan can. Abin bai zama doka a ta Turanci ba. Mu masu rubutu da Hausa muna da damar zama mu tsara wa kanmu yadda za mu karɓi irin wannan, da sharuɗɗansa: a san mai magana, a ajiye muryar inda kowa zai saurara, a rubuta "a cewar wane", a kuma kawo ruwayar ɗaya gidan. Ra'ayina ke nan.

Na naɗi muryar Baba ta kusan awa guda, tana wayata. Ban ɗora ba. Da na yi masa bayanin cewa in ta hau, kowa a duniya zai iya ɗauka ya yi amfani da ita, kuma ba a janyewa, sai ya ce in dakata tukuna ya yi shawara da 'ya'yansa. Malam kuma yana neman wanda zai kai zancen ga masu shirin tarihin garuruwa a rediyo, ko ɗalibin tarihi da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai. Ya yarda, bayan 'yar gardama, cewa duk wanda ya zo sai an kai shi ƙofar dagaci shi ma. Akwai kuma rahotannin kimanta haraji da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomin lardin Kano, suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Malam ya ce in ya karɓi kuɗin sallamarsa zai je da kansa ya duba ko sunan garin na ciki.

Makon jiya ya kira ni tun kafin in karya. Ya ce in duba shafin maza. Wani sabon suna ya ƙara sakin layi uku a kan Arɗon da ya haƙa rijiyar bakin kuka, babu manazarta ko guda. Malam ya ce ya san ko wane ne, ɗan dagaci ne da ke karatu a Dutse, ya ma taɓa zama ɗalibinsa a aji shida.

Na ce, "To Malam, ka goge?"

Ya ce a'a. Ya maƙala wa kowace jimla alamar neman hujja, ya bar wa yaron saƙo a shafin tattaunawa, ya fara da tambayar lafiyar mahaifinsa.